Ƙarfen da Muka Kwaso daga Gidajen Arlit

A Arlit aka haife ni, amma na yi shekaru in an tambaye ni garinmu sai in ce Damagaram. Ba ƙarya na yi ba, can ne asalin iyayena. Babana ya hau arewa tun yana saurayi, ya sami aiki a ramin yuraniyom, ya dawo gida ya auri Inna ya tafi da ita. Ina kolej tari ya kama shi. An yi asibitin kamfani, an yi Agadas, an kai shi har Yamai, daga ƙarshe aka maido shi gida ya cika a ɗakinsa. Gidan na kamfani ne, don haka Inna na fita takaba muka ɗaure kayanmu muka bi babbar mota zuwa kudu. Ban waiwaya ba da muka fita gari, kuma ban yi zaton zan sake taka shi ba.

Na yi karatun kimiyyar sinadarai a Yamai. Da na gama sai na shiga sahun masu takarda a hannu babu aiki. Abin da ya riƙe ni a wancan lokaci wata ƙungiya ce ta matasa masu ilimin kimiyya. Mukan haɗu ranar Asabar a wani aji da ake ara mana, masu ilimin duwatsu, masu na ruwa, masu na lantarki, kowa da kwalinsa da haushinsa. Duk inda ɗayanmu ya je neman aiki amsa ɗaya yake dawowa da ita: kun san littafi, amma ba ku taɓa riƙe mutane ba. Shugabannin ƙungiyar suka yi ta zirga-zirga har suka samo yarjejeniya da wasu kamfanoni, na siminti, na ruwa, na gawayin Cirozerin, da na ma'adinai. Kowane kamfani zai karɓi matashi na ƴan watanni, ya haɗa shi da wani tsohon hannu, ya ba shi ƴan ma'aikata ya jagoranta. Mu muna koyon riƙon jama'a, su kuma suna duba waɗanda za su gaji tsofaffinsu.

Ni kamfanin ruwa na nema, don in zauna Yamai. Aka ba ni Arlit.

"An ce can aka haife ki," in ji shugaban ƙungiyar, yana murmushi kamar ya yi mini kyauta. "Ke dai ba za ki gudo saboda zafi ba."

Ba zafin nake tsoro ba, amma ban tsaya yi masa bayani ba.

Kafin a rarraba mu an yi mana horo a zauren wani otel. Wata mata mai kaifin murya ta koya mana yadda ake buɗe taro da rufe shi, yadda ake raba aiki, yadda za ka tsawata wa wanda ya girme ka ba tare da ka ci mutuncinsa ba. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: shugaba ba ya cewa ban sani ba ya yi shiru. Sai dai ya ce zan bincika, zan dawo muku da amsa. Muka yi ta gwadawa a kan junanmu muna dariya.

Daga Agadas zuwa Arlit kwalta ta mutu, mota tana bin gefen hanya cikin rairayi, tana tafiya tana nishi. Abin da na fara hangowa su ne tsaunukan nan na ƙasar da aka tono, masu shimfiɗaɗɗen kai. Ina yarinya na ɗauka haka Allah ya halicce su. Sun ƙara tsawo, garin kuwa ya ragu. Ramin da babana ya yi aiki ya daina fitar da komai, ana shirin toshe shi, kuma unguwar ma'aikata da na girma a ciki rabinta kango ne. Washegari na bi ta layinmu. Gidanmu babu ƙofa babu taga, rairayi ya shiga ya kwanta a tsakar ɗaki. Bishiyar da Inna ta raina da ruwan wanke-wanke ta bushe a tsaye. Na tsaya a bakin ƙofar na kasa yin sallama, na kuma kasa shiga babu sallama.

A da, da asuba motocin kamfani kan bi layi-layi suna danna oda, suna kwasar masu shiga rami. Yanzu babu su. Amma a watannin farko, lokacin na yi nake farkawa, kunnena a buɗe, ina jiran ƙarar da na san ba za ta zo ba.

Tsohon hannun da aka haɗa ni da shi shi ne shugaban sashen awo, wato masu auna iska da ruwa da ƙasa don a san ko tururin ma'adinin, wanda ido ba ya gani, ya wuce ƙima. Mutumin Tawa ne, dogo, siriri, ya kusa ajiye aiki. Kowa Shef yake ce masa, ni ma na bi sahu. Ranar farko ya dube ni ya daɗe.

"Na san mahaihinki," ya ce. "Sahu guda munka yi ta sallar Juma'a. Allah shi jiƙan shi."

Ya miƙo mini na'urar awon, ƴar ƙarama mai mariƙi. Ma'aikata gyare suke ce mata saboda kukanta. A wurin da babu komai takan yi ƴar ƙara jefi-jefi. In ta matso abin da ke da tururi sai kukan ya yi sauri.

Aikin da aka ba ni na cikin gari ne. A shekarun baya, kafin a tsaurara awo, tsohon ƙarfe yakan fita daga wajen aiki ya faɗa kasuwa. Feray ake ce masa. Maƙera da masu walda suka mai da shi ƙofofi, bokitai, kujeru, gadaje, duk abin da talaka ke bukata. Mafi yawansa ba shi da komai. Amma akwai wanda ƙurar ma'adinin ta manne masa, ko laka ta bushe a cikinsa. Mu za mu bi gida-gida mu auna, wanda ya yi kuka mu ɗauke shi, kamfani ya ba mai gida sabo.

Ma'aikatan da aka ba ni duk sun haife ni ko sun kusa. In na ce mu fara da wannan layi sai su ce to, Madam, idanunsu kuwa suna kan Shef, sai ya gyaɗa kai sannan ƙafa ta motsa. Ya lura. Ba a daɗe ba ya sake salo: in mun isa unguwa sai ya zauna cikin mota, ya bar ƙofa a buɗe, ya jawo carbinsa.

"In ina tsaye, ni za su duba," ya ce mini. "Ki tahi."

Haka muka yi ta bi. Wasu gidajen a ba mu ruwa, wasu a rufe mana ƙofa don an ɗauka mu masu rusa gidaje ne. Wani maƙeri ya biyo mu har bakin mota yana faɗa, wai za mu kore masa masu saye. Na koyi fara zuwa wurin mai unguwa kafin in ƙwanƙwasa ƙofar kowa, na koyi barin mazan a waje har sai matan gida sun kimtsa. Babu wanda ya faɗa mana wannan a otel.

Gidan da ba na mantawa yana ƙarshen gari, ta wajen hanyar Asamaka, inda kamiyo, manyan motocin kaya, ke tsayawa. Na wata tsohuwa ne ƴar Maradi mai sayar wa direbobi tuwo. Mijinta lebura ne a ramin, ya rasu da daɗewa, ta zauna da jikokinta. Mun same ta da hantsi tana tankaɗe. Ta yi mana maraba, ta ce mu auna duk abin da muka ga dama, ita ba ta da abin ɓoyewa. Tukwane lafiya, ƙofa lafiya, bokitai lafiya. Ina sa ƙafa a ɗakin kwana gyare ya sake murya. Na ɗaga kai. Maimakon azara, wani ƙaton bututun ƙarfe aka gitta daga bango zuwa bango, shi ya ɗauki rufin gaba ɗaya. Da na miƙa hannu kusa da shi kukan ya haɗe ya zama ɗaya, babu tsayawa. A ƙarƙashinsa akwai gado, da tabarmin yara a naɗe.

Babba a cikin ma'aikatan, wani mai furfura da ba ya yawan magana, ya matso ya ce mini da Faransanci, don kada ta ji, a cikin bututun matsalar take, kuma dole a cire shi yau. Haka ƙa'ida ta ce: abin da awonsa ya kai haka ba ya kwana.

"Me yake cewa, abin naki?" tsohuwar ta tambaya daga bakin ƙofa, hannunta fari da gari.

Na yi mata bayani yadda aka koya mini, a natse, ina kallon idonta. Na ce za mu tokare rufin, mu zare wannan, mu sa mata sabo kafin la'asar, ba za ta rasa komai ba.

"Ba za a taɓa shi ba," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Mai gidan nan ya ɗauko shi, shi da abokinsa, a kafaɗa tun daga kasuwar ƙarfe. Ran da aka ɗora shi shinkafa na dafa musu. Gidan nan duk an sake shi, ɗiyata. Bango ya faɗi an tayar, ƙofa ta lalace an canza. Wannan kaɗai ya rage da hannunsa ya taɓa."

Na juya wurin mazan, sai na ga duk suna kallon ƙofar waje. Na fita. Shef yana inda na bar shi. Na faɗa masa komai, ya saurara har na gama.

"To mi kika yanke?"

"Shef, ƙa'ida ta ce yau."

"Na san abin da ƙa'ida ta ce, ina cikin waɗanda sunka tsara ta. Ke mi kika yanke?"

Ya mai da ido kan carbinsa. Na tsaya rana tana dukana, haushinsa ya cika ni. Direbanmu mutumin Abzin ne, a tasha ya koyi Hausa, mace da namiji duk ɗaya yake kiransu. Ya leƙo ta taga ya ce, "Madam, koma ciki. Tsohuwa yana jiran ka."

Na koma. Ban san abin da zan ƙara faɗa mata ba, don haka na sa mata na'urar a hannu, na ce ta taka da kanta daga murhu zuwa ɗaki. Ta karkaɗe garin a zanenta, ta riƙe ta nesa da jiki kamar mai ɗauke da garwashi. A tsakar gida ƙarar jefi-jefi ce. A bakin ƙofa ta yi sauri. Ta shiga, ta tsaya daidai kan gadon, ta ɗaga hannu sama. Ta daɗe a haka, kukan yana cika ɗakin. Sannan ta sauke hannu ta dube ni.

"Shi ya kashe shi?"

Amsar da aka koya mini tana kan harshena: zan bincika, zan dawo miki. Amma na san babu inda zan je in bincika, babu amsar da zan dawo da ita.

"Ban sani ba, Iya," na ce. "Nawa uban ma tari ne ya kai shi. A ramin nan ya yi aiki. Har yau ban sani ba."

Ta tambayi sunansa, na faɗa mata, ta girgiza kai, ba ta san shi ba. Ta miƙo mini na'urar.

"Ku bari sai gobe," ta ce. "In kwashe kayana a tsanake, in yi masa addu'a a ɗakin kafin ku taɓa."

Na ce to, amma da sharaɗi: daga ita har yaran, babu mai kwana a ciki. Ta yarda. Mai furfurar ya fara magana a kan ƙa'ida, na ce masa na ji, gobe ne, in an yi tambaya ni zan amsa. Ya ce to, Madam. Wannan karon bai dubi ƙofa ba. A mota na jira Shef ya yaba ko ya kushe. Bai yi ko ɗaya ba, ya ce wa direba mu wuce layi na gaba.

Washegari da sassafe muka dawo da katako da sabon ƙarfe. Aka tokare rufin, aka fasa bango kaɗan, aka zaro bututun a hankali. Aka toshe bakinsa biyu, aka naɗe shi da farar leda mai kauri, aka ɗaɗɗaure. Lungun ya yi wa mota ƙanƙanta, dole aka ɗauke shi a kafaɗa zuwa bakin hanya, biyu a gaba biyu a baya. Maƙwabta sun fito sun jeru jikin bango. Wani dattijo da ya fito daga shago ya ga dogon abu fari a kafaɗun maza, sai ya cire takalmi ya fara salati, har sai da aka raɗa masa ba gawa ba ce. Tsohuwar ta biyo mu har bakin zaurenta ta tsaya, hannu ɗaya a kan bango. Ba ta yi kuka ba. Tana nan tsaye har muka sha kwana.

Daga ranar abin ya shiga kaina. In na zauna a kujerar ƙarfe wurin mai shayi sai in ji ina so in auna ta. In gyare na gaske ya yi kuka a bayan ɗaki da magariba sai gabana ya faɗi. Na yi ta ɗagawa, daga ƙarshe na kira Inna a waya.

"Inna, da muka taso daga Arlit, me da me muka kwaso?"

"Yau kuma da wace kika zo? Tukwanena mana, da akwatin ƙarfe, da keken ɗinki. Sai gado."

"Wane gado?"

"Wanda nake kwana a kai. Babanki ya kai ƙarfe wurin mai walda aka haɗa mana, shekarar da na haife ki. A kansa na yi jegonki, a kansa ya yi jinya. Me ya faru?"

Na ce babu komai, tambaya ce kawai. Na kashe wayar.

A tsakiyar horon akwai hutu. Na roƙi Shef ya bar ni in tafi da na'ura ɗaya. Ban ɓoye masa dalili ba. Ya nemo mini izini da kansa, ya kawo mini ita a cikin jakarta.

"Ki tahi da ita," ya ce. "Amma tun nan ki shirya abin da za ki yi in ta yi kuka, da abin da za ki yi in ba ta yi ba."

Duk tsawon hanya na farkon kaɗai na shirya. Na tsara yadda zan lallashi Inna, inda zan samo leda, wanda zan kira ya taya ni ɗauka.

Na isa Damagaram da rana tsaka. Bayan na ci abinci na ce wa Inna akwai abin da nake so in duba a ɗakinta. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna tana kallona. Na yaye zanin gado, na ɗaga katifa. Ga ƙarfen, fentinsa kore ya kankare a wurin da babana yakan kama in tari ya turnuƙe shi. Na kunna na'urar. Na bi kan gadon, na bi ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, na kwanta a ƙasa na shiga ƙarƙashi na bi duk inda aka yi walda. Ƙarar nan dai ta jefi-jefi, irin ta ko'ina. Na auna akwatin, na auna keken ɗinki, na fito da tukwanen tsakar gida na bi su. Na dawo kan gadon na sake daga farko.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ba ta ce komai ba."

"To alhamdu lillahi."

Na zauna a bakin ƙarfen, kuka ya zo mini irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Ya kamata in yi murna, uwata ta yi shekaru tana kwana a kan abin da ba ya cutar da ita. Amma sai a lokacin na gane so nake na'urar ta yi kuka. So nake in sami abu ɗaya da zan nuna in ce ga shi, in naɗe shi a leda in fitar da shi daga gidan.

Inna ta bari na yi mai isata, sannan ta taso ta zauna kusa da ni.

"Likita ɗaya ya ce ƙura ce," ta ce. "Wani ya ce tabar da ya sha yana saurayi. Wani ya dube ni ya ce, Hajiya, a bar wa Allah sani. Na yi shekaru ina juya maganganunsu, wanne ne gaskiya. Ban samu ba. Ke kin yi karatu, na ɗauka ko ke za ki samu." Ta shafa wurin da fentin ya kankare. "Taya ni mu mai da katifar."

Da na koma Arlit Shef bai tambaye ni ba. Ya karɓi na'urar, ya dubi fuskata, ya ce akwai unguwar da ta rage ta wajen kasuwar dabbobi. Sauran watannin sun tafi cikin aiki. Na raba faɗa tsakanin ma'aikata biyu da suka shekara ba sa gaisawa. Na tsaya gaban manyan kamfani na ce a ƙara mana mota, aka ƙi, na sake komawa har aka ba mu. Shef yana ƙara ja da baya, wani lokaci ma ba ya biyo mu.

Gab da ƙarewar horona aka zuba siminti a bakin ramin. Shef ya ce in zo in gani. Wata doguwar gangara ce mai faɗi, inda motoci kan bi su nutse cikin ƙasa. An riga an gina bangon toshiya, saura ƴar kafa a sama. Tsofaffin ma'aikata sun zo ba tare da an gayyace su ba, suka tsaya nesa a bayan waya, wasu da sanduna. Na matsa kusa, sai wata iska mai sanyi ta fito ta kafar ta buge ni a fuska. Warin jiƙaƙƙen dutse ne da man inji. Ban san ina tune da shi ba sai da na shaƙa: shi ne warin rigar babana in ya dawo aiki ya ɗaga ni sama. Na tsaya ina shaƙa har magina suka ɗora bulo na ƙarshe, iskar ta yanke. A bayana na ji Shef yana tari, ƙasa-ƙasa, cikin hannun rigarsa. Na juya, ya ɗaga mini hannu alamar ba komai.

An yi bikin kammalawa a Yamai, a zauren da aka yi mana horo. Manyan kamfanoni a sahun gaba, mu a baya cikin kayan sallah. Wanda aka tura siminti ya gudo tun wata na farko, wadda aka tura Cirozerin kuwa har an ba ta sashe. Kowa ya tashi ya faɗi abin da ya koya. Ni ma na yi magana a kan raba aiki da neman yardar mai unguwa. Wani daga cikin manyan ya tambaye ni me ya fi yi mini wuya. Na ce shiga ɗakin kwanan mutum ka gaya masa abin da ya fi so a gidan yana iya cutar da shi, alhali ba za ka iya gaya masa ko ya riga ya cutar ba. Aka tafa don dole. Bayan an tashi matar da ta horar da mu ta ja ni gefe, ta ce na yi ƙoƙari, amma gaba in riƙa rufe magana da abin da zai ba mutane ƙwarin gwiwa.

Kamfanin ya ba ni aiki a sashen awo, na karɓa. Inna ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Shef ya ajiye aiki ya koma Tawa. Yakan kira ni jefi-jefi ya tambayi rijiyoyi da ma'aikata, kowa da sunansa. Muryar tana raguwa a kowane kira, har ya zama sai ya huta a tsakiyar magana. Da damina ƴarsa ta kira ni ta ce ya rasu.

Na je gaisuwa. Aka kai ni ɗakin matarsa, wata ƴar ƙaramar tsohuwa cikin farin mayafi. Da aka ce mata ga wadda ta gaje shi a Arlit, sai ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta riƙe ba ta saki ba. A bakinta na ji abin da bai taɓa faɗa mini ba: kafin a mai da shi sashen awo ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa, shi ne mai shiga da ayarin ma'aikata ya fito da su. Ƙa'idarsa shi ne na ƙarshen fitowa.

"Kwanakin ƙarshe hankalinshi can ya koma," ta ce. "Ba ya gane ɗiyanshi, amma shina kiran sunayen mutane, wasu na sani, sun daɗe da rasuwa. Sai shi yunƙura zai tashi, shi ce akwai saura ciki. Mu danne shi, shi ƙi. Ran nan da hantsi ya kama hannuna kamar yadda na kama naki, ya ce, kowa ya hito? Na ce mishi kowa ya hito, Malam, kai kaɗai ka rage. Sannan ya kwanta."

Ta saki hannuna ta gyara mayafinta. Wasu mata suka yi sallama, na matsa na ba su wuri. Na kwana a Tawa, da safe na bi motar arewa.